Filin Tambaya da Amsa: Sunan Shafinku na Intanet, a Hannun Wa Yake?

Wasiƙun da suka taru a wannan wata kusan duk a kan abu ɗaya suke, wato sunan shafin intanet, wanda ma'aikatan fannin ke kira domen, irin su nira.org.ng ko icann.org. Wasu sun rasa nasu, wasu na shirin yin rajista, wasu kuma imel ɗinsu ne ya tsaya cak ba su san dalili ba. Mun taƙaita wasu tambayoyin saboda ƙarancin fili.

Tambaya: Shekara uku da suka wuce ƙungiyarmu ta biya wani matashi ya gina mana shafi da sunan ƙungiyar a ƙarƙashin .org. Yanzu ya bar garin, ba ya ɗaga waya. Mun kira wani ya ci gaba da aikin, sai ya ce ba zai iya taɓa komai ba sai da iznin na farkon. Ashe shafin ba namu ba ne, alhali mun biya? — Sakataren wata ƙungiyar manoma, Funtuwa

Amsa: Malam Sakatare, kuɗin da kuka biya abu biyu aka yi da su, kuma kowanne da mabuɗinsa daban. Na farko masauki ne, wato kwamfutar da ke riƙe da rubuce-rubuce da hotunan shafin. Na biyu shi ne sunan kansa. Idan masauki ya salwanta, ana iya sake gini cikin mako ɗaya ko biyu. Sunan kuwa shi ne ke kan takardunku da allon ofishinku da adireshin imel ɗin da kuka raba wa jama'a, don haka rasa shi ya fi ciwo nesa ba kusa ba.

Ba a sayen domen a mallake shi har abada. Haya ce, kamar rumfar kasuwa: ana biya shekara-shekara, kuma wanda sunansa ke kan takardar hayar shi hukumar kasuwa ta sani, ko da kuɗin wani aka biya da su. Hannu uku ne a cikin harkar. Akwai hukumar da ke riƙe da babban kundin kowane reshe: kamfanin Verisign ne ke riƙe da .com da .net, Public Interest Registry ke riƙe da .org, NiRA kuma ke riƙe da .ng. Sai kamfanonin rajista, waɗanda ke karɓar kuɗi a hannun jama'a su shigar da suna cikin kundin. Sai na uku, mai rajistar, wanda aka rubuta a matsayin mai sunan. Abin da ya fi faruwa shi ne magini ya buɗe asusu da nasa imel ɗin, ya cike gurbin mai rajista da sunansa, ba lalle da mugun nufi ba, don dai ya fi masa sauƙi.

Ku fara da shiga lookup.icann.org ku rubuta sunan. Zai nuna muku kamfanin da aka yi rajistar a wurinsa, ranar da aka yi ta, da ranar da za ta ƙare. Ku rubuta wannan rana ta ƙarshe a inda ba za ku manta ba, domin ita ce wa'adinku. Da wuya ku ga sunan mai rajistar, saboda tun 2018, lokacin da dokar kare bayanan sirri ta Tarayyar Turai ta fara aiki, yawancin kamfanoni ke ɓoye shi.

Daga nan sai a nemi matashin ta hanyar iyayensa ko malaminsa ko duk wanda yake jin nauyinsa. Wannan ita ce hanya mafi arha kuma mafi sauri, kuma aikin da zai yi bai wuce na minti goma ba. Ku buɗe asusunku a kamfanin rajistar da yake amfani da shi, shi kuma ya tura sunan daga asusunsa zuwa naku. Idan wani kamfanin kuke son komawa, zai cire makullin hana canja wuri, ya ba ku lambar sirrin da ake kira lambar EPP, ku shigar da ita a sabon kamfanin, ku biya kuɗin shekara ɗaya wanda za a ƙara kan wa'adin da ya rage. Canjin kan ɗauki har kwana 5. Ku lura da ƙa'idar da aka daɗe ana aiki da ita: ba a ɗauke suna zuwa wani kamfani cikin kwana 60 na farko bayan rajista ko bayan wani canjin wurin, kuma sauya sunan mai rajista ma kan jawo irin wannan makulli na kwana 60. Saboda haka in za ku yi duka biyun, ku fara da canjin kamfani, sannan ku gyara sunan mai rajista.

Idan aka kasa samunsa, ku rubuta wa kamfanin rajistar, ku haɗa da takardar rajistar ƙungiyarku ta CAC da rasiɗin biyan kuɗi. In ya kasance ya rubuta sunan ƙungiyar a gurbin mai rajista, akwai kyakkyawan fata, don kamfanoni na da hanyar maido da asusu ga mai shi. In kuwa sunansa ya sa, kamfanin ba zai yi alƙalanci tsakaninku ba, sai dai kotu.

Ranar da sunan shafin ya dawo hannunku, ku sa sunan ƙungiya a gurbin mai rajista, kuma imel ɗin asusun ya zama na ofishi wanda aƙalla mutum biyu ke iya buɗewa. Sabon maginin ku ba shi damar shiga masauki da gyara bayanan DNS, wato tsarin da ke haɗa suna da kwamfutar da shafi ko imel yake, kawai. Ba ya bukatar mabuɗin asusun rajista don ya yi aikinsa, kuma wanda ya san aikinsa ba zai dage sai an ba shi ba.

Tambaya: Ina sayar da atamfa da leshi ta shafina. Kwatsam ya daina buɗewa, sai wasu tallace-tallace nake gani a wurin. Aka ce wa'adin sunan ne ya ƙare tun wata biyu, kuma kuɗin da suke nema yanzu ya ninka na da sau da yawa. Damfara ce? — Wata 'yar kasuwa, Kantin Kwari, Kano

Amsa: Hajiya, ba damfara ba ce, sunanki ya shiga matakin fansa ne, kuma lokaci ba ya jira. Ga yadda abin ke tafiya ga sunaye irin su .com da .net da .org. Bayan ranar ƙarewa, kamfanin rajista na iya riƙe sunan har zuwa kwana 45, wasu ba sa kai haka, kuma a wannan tsakanin ana sabuntawa a kan kuɗin da aka saba. Ƙa'idar ICANN, ƙungiyar da ke tsara dokokin irin waɗannan sunaye, ta tilasta musu su katse shafin na wasu kwanaki kafin su goge sunan, domin mai shi ya farga. Tallace-tallacen da kika gani ke nan. In ba a biya ba, sai sunan ya shiga kwana 30 na fansa, inda ake biyan tara a kan kuɗin sabuntawa, a wasu kamfanonin ta kan kai dala 80 ko ta wuce. Bayan nan akwai kwana 5 na jiran gogewa, waɗanda ko nawa kika bayar ba za a karɓa ba. Daga nan sai a sake shi ga duk wanda ya riga.

Kada ki ce bari ki jira ya faɗo ki sake rajista da arha. Akwai kamfanonin da sana'arsu ke nan, na'urorinsu na cafke sunan da aka saki cikin daƙiƙa, musamman wanda ke da maziyarta. Wasu kamfanonin rajistar ma kan sa sunan a gwanjo tun kafin ya kai matakin fansa. Idan kika binciki sunan a lookup.icann.org kika ga an rubuta redemptionPeriod, wato matakin fansa, to ki biya yau. Tarar ba ta kai asarar abokan cinikin da suka haddace adireshinki ba, balle a ce wani ya ɗauki sunan ya riƙa karɓar kuɗin mutane da sunan shagonki.

Me ya sa ba ki sani ba? Dole ne kamfanin ya aiko da tunatarwa kamar wata ɗaya kafin ranar, da wata kamar mako ɗaya kafin ranar, da kuma wata bayan ta wuce. Saƙonnin na zuwa ne ga imel ɗin da ke cikin rajistar, wanda sau da yawa na yaron da ya buɗe asusun ne, ko wani tsohon akwati da aka daina dubawa. Akwai kuma waɗanda suka kunna sabuntawa ta kai tsaye suka saki jiki, ashe katin banki ya ƙare, ko kuma bankin ya ƙi biyan dala da katin naira, kamar yadda mutane da yawa suka gani a shekarun da bankuna suka taƙaita hakan. Manya ma ba su tsira ba: a ƙarshen 1999 kamfanin Microsoft ya yi sakaci da sabunta passport.com, har masu amfani da Hotmail suka kasa shiga, sai wani mutum daga waje ne ya biya dala 35 aka farfaɗo da shi.

Idan kin karɓo shi, ki biya na shekara biyar a lokaci ɗaya in da hali. Ana yarda har zuwa shekara 10. Imel ɗin da za ki sa a rajistar kuma kada ya zama na kan wannan sunan, domin ranar da sunan ya mutu, akwatin da za a aiko miki da gargaɗi shi ma ya mutu tare da shi.

Tambaya: Muna kasuwanci tsakanin Maraɗi da Katsina. Wanne ya fi dacewa mu yi, .com ko .ne ko .com.ng? — Wani ɗan kasuwa, Maraɗi

Amsa: Alhaji, ta fuskar aiki babu wanda ya fi wani sauri ko ƙarfi. Bambancin yana wajen wa ke tsara ƙa'ida da kuma da wane kuɗi ake biya. Reshe mai harafi biyu na ƙasa ne: .ng Nijeriya, .ne Nijar, .gh Gana, .cm Kamaru, .td Chadi, .sd Sudan. Kowace ƙasa ke tsara nata dokokin rajista da na ƙarewar wa'adi, don haka lissafin kwanakin da muka ba Hajiya a sama ba lalle ya yi daidai da su ba, sai a karanta na hukumar ƙasar.

Farashin .com da dala yake a tushe; a watan Satumba na 2024 Verisign ya fara karɓar dala 10.26 a shekara daga kamfanonin rajista, su kuma su ɗora ribarsu. Duk lokacin da naira ta faɗi, kuɗin sabuntawa sai ya hau. Na .com.ng kuwa da naira ake biyansa ta hannun kamfanonin da NiRA ta amince da su, kuma ya fi .ng kai tsaye arha. Wasu rassan ba na kowa ba ne: .gov.ng na hukumomin gwamnati ne kuma ta hannun NITDA, hukumar bunƙasa fasahar zamani ta Nijeriya, ake samunsa, .edu.ng na manyan makarantu, .sch.ng na sauran makarantu.

Shawararmu: tunda ƙasa biyu kuke, ku riƙe .com a matsayin babban suna in yana nan, ku ƙara na ƙasashen biyu ku juya su zuwa gare shi. Abu ɗaya da za ku kiyaye shi ne .ne da .net harafi ɗaya ya raba su, kuma mutane kan ƙara shi da kansu. Irin wannan tuntuɓen yatsa ba ƙaramin abu ba ne. A 2023 aka fallasa cewa saƙonnin imel masu ɗimbin yawa da aka nufi sojojin Amurka da su, masu adireshin .mil, sun yi shekaru suna faɗawa .ml na ƙasar Mali.

Tambaya: Sunan mujallar da muke son buɗewa yana da ƙ da kuma 'y. Za a iya rajistarsa yadda yake a rubutun Hausa? — Wata malamar Hausa, Zariya

Amsa: Malama, asalin ƙa'idar ta yarda da haruffa 26 na a zuwa z, da lambobi, da ƙaramin layin tsakiya, wanda shi ma ba ya zuwa a farko ko ƙarshe. Kowane yanki tsakanin ɗigo biyu ba ya wuce harafi 63. Alamar da ke gaban 'y ba ta shiga ko kaɗan, haka ma tazara tsakanin kalmomi.

Haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, akwai tsarin da ke ɗaukarsu. Ana juya sunan zuwa wani rubutu da ke farawa da xn-- wanda na'ura ke ganewa, amma sai hukumar reshen ta sa harafin cikin jerin waɗanda ta yarda da su. Ko an samu, ba ma ba da shawarar ya zama babban adireshi. Yawancin masu karatunku ba su da waɗannan haruffa a allon wayarsu, fom-fom da yawa na intanet suna ƙin karɓar imel mai irin wannan suna, wasu manhajojin kuma xn-- ɗin za su nuna maimakon kyakkyawan rubutunku. Ku yi rajista da k da y marasa ado, ku bar cikakken rubutun Hausa ya fito a kan shafin da tambarinsa, inda ya kamata a kiyaye shi sosai. Ku dai karanta sunan da babbar murya bayan an cire lanƙwasar kafin ku biya, don kada ya koma wata kalmar da ba ku nufa ba.

Tambaya: Mun koma wani sabon kamfanin masauki. Shafin ya buɗe lafiya, amma tun ranar ba mu sake samun imel ko ɗaya ba. Wasu kuma sun ce har yanzu tsohon shafin suke gani. — Jami'in kwamfuta na wani asibiti mai zaman kansa, Kaduna

Amsa: Malam, kusan tabbas an sauya sabobin suna ne, wato kwamfutocin da ke riƙe da bayanan DNS na domen ɗinku, ba tare da an kwafe bayanan da ke cikin tsofaffin ba. Kowane domen na da ɗan jadawali a tsarin DNS, wanda Paul Mockapetris ya ƙirƙiro a 1983. Layin A na nuna lambar kwamfutar da shafi yake, misali 192.0.2.10. Layin AAAA haka yake amma da sabon tsarin lambobi na IPv6. CNAME na cewa wannan suna laƙabi ne na wancan. MX ke faɗin inda za a kai imel. TXT na ɗauke da bayanan tantancewa. Layin NS kuma, wanda ake sawa a wurin kamfanin rajista, shi ke faɗin wace saba ce ke riƙe da jadawalin gaba ɗaya. Da ka sauya NS, ka jefar da tsohon jadawali ke nan ka ɗauki sabo, kuma sabon kamfanin ya cike nasa MX ɗin da ke nuni ga kwamfutarsa, inda ba ku da akwati ko ɗaya.

Gyaran ba shi da wuya. Shiga tsohon asusun in bai rufe ba, ka kwafe layukan MX da TXT harafi da harafi, har da lambar fifiko da ke gaban kowane MX, ka sa su a sabon wurin, ka goge wanda suka sa da kansu. In imel ɗinku na Google ne ko Microsoft, layukan na nan a shafin mai kula da asusun. Ka gwada da umarnin nslookup -type=mx sannan sunan domen ɗin, ka ga ko amsar ta yi daidai. Saƙonnin da aka ƙi karɓa kai tsaye sun koma wa masu su, sai an sake aikowa. Waɗanda suka tarar da ƙofa a rufe kawai, sabobin da suka aiko su kan ci gaba da gwadawa na 'yan kwanaki.

Masu ganin tsohon shafi kuwa, TTL ne. Kowane layi na da adadin daƙiƙoƙin da aka yarda sauran sabobi su riƙe amsar kafin su sake tambaya: 300 minti biyar ne, 3600 awa ɗaya, 86400 kwana guda. Layukan NS na .com kwana biyu ake riƙe su, shi ya sa ake cewa a jira awa 48. A gaba, ka rage TTL zuwa 300 kwana ɗaya ko biyu kafin ƙaura, ka gina cikakken jadawali a sabon wurin tukuna, ka bar tsohon masaukin a kunne na mako guda bayan an koma. Sau da yawa ma babu bukatar taɓa NS: sauya layin A kaɗai ya isa ya kai shafi sabon masauki, imel kuma bai san an yi ba.

Akwai wani tarko da ya fi wannan muni. Idan an kunna DNSSEC, wato sa hannun tsaro a kan jadawalin, akwai layin DS a wurin kamfanin rajista da ke ɗaure da mabuɗin tsohuwar saba. Ka sauya NS ka bar shi, duk mai amfani da sabar da ke tantance sa hannu, kamar 8.8.8.8 ta Google, zai ga sunanku ya ɓace ɗungurungum, shafi da imel duka. Ana cire DS ɗin tukuna, a jira wa'adinsa ya wuce, a ƙaura, sannan a sa sabo.

Tambaya: Saƙonnin da muke aika wa iyayen yara daga adireshin makarantarmu suna faɗawa akwatin shara. Me za mu yi? — Shugabar wata makarantar sakandare, Sakkwato

Amsa: Hajiya Shugaba, layuka uku na TXT ne maganin yawancin wannan matsala. SPF na lissafa sabobin da aka yarda su aika saƙo da sunanku. DKIM mabuɗi ne da ake sa wa kowane saƙo hannu da shi. DMARC na faɗa wa mai karɓa abin da zai yi da saƙon da ya faɗi gwajin. Tun watan Fabrairu na 2024 Gmail da Yahoo suka tsaurara: Gmail na bukatar SPF ko DKIM daga kowa, mai aika saƙo 5,000 ko fiye a rana kuma sai ya cika duka ukun.

Ki sa mai kula da kwamfutocinku ya duba kurakurai biyu da muka fi gani. Na ɗaya, layin SPF biyu a kan suna ɗaya, ɗaya na kamfanin imel, ɗaya na manhajar da ke tura sakamakon jarrabawa. Ƙa'ida layi ɗaya ne tak, in suka zama biyu duka sun lalace, sai a haɗe su. Na biyu, SPF ba ya yarda da binciken DNS sama da 10 a cikinsa. DMARC kuma a fara shi da p=none, wato sa ido kawai, a duba rahotanni na 'yan makonni a tabbatar ba a manta da wata manhaja ba, sannan a matsa zuwa quarantine, wato jefa saƙon a akwatin shara, ko reject, wato ƙin karɓarsa. Kada a tsaya a none har abada, domin matakin ƙarshen ne ke hana ɗan damfara aika wa iyaye lambar asusun banki ta bogi da ainihin adireshin makarantar.

Tambaya: Kamfaninmu na da rajistar CAC tun shekaru. Mun je yin domen sai muka tarar wani ya riga mu, yana neman miliyoyi. Doka ba za ta ƙwato mana ba? — Manajan wani kamfanin sarrafa shinkafa, Haɗeja

Amsa: Ranka ya daɗe, rajistar CAC ba ta ba ka domen kai tsaye. Tsarin na wanda ya riga ne, kuma kamfanin rajista ba ya tambayar takarda kafin ya ba da .com. Amma akwai hanyar ƙara da ake kira UDRP, wadda ICANN ta kafa a 1999, kuma WIPO, hukumar kare haƙƙin mallakar fasaha ta duniya da ke Janiba, na cikin masu sauraronta. Sai ka tabbatar da abu uku gaba ɗaya: sunan ya yi daidai ko ya yi kama mai ruɗarwa da alamar kasuwancin da kake da haƙƙi a kanta, wanda ya riƙe shi ba shi da wani halattaccen dalili, kuma da mugun nufi ya yi rajistar yake kuma amfani da ita. Kuɗin shigar da ƙara a WIPO dala 1,500 ne in alƙali ɗaya ne kuma sunayen ba su wuce biyar ba, ban da kuɗin lauya. Ana ba wanda ake ƙara kwana 20 ya ba da amsa, kuma yawanci a gama cikin kamar wata biyu. Abin da za a iya yankewa shi ne a miƙa maka sunan ko a soke shi. Ba a biyan diyya.

Sharaɗi na uku ne ke kayar da mutane. In ya yi rajistar tun kafin a kafa kamfaninku, ko sunan kalma ce ta kowa da kowa, da wuya ƙarar ta yi nasara. In kuwa bayan kun yi suna ya kama shi, kuma ga saƙonsa a rubuce yana neman miliyoyi, to wannan saƙon hujja ce babba, ku adana shi da hoton abin da ke kan shafin. Ku kuma yi rajistar alamar kasuwancinku a ofishin da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari, don ita ta fi takardar CAC nauyi a irin wannan shari'a. In sunan na .ng ne, NiRA na da nata tsarin sasanta rikici, ta nan za a bi. In kuma kuka zaɓi saye, kada ku tura kuɗi kai tsaye. Ku bi ta kamfanin da ke riƙe kuɗi amana har sai sunan ya shiga asusunku.

Tambaya: Gaskiya ne Amurka ce ke riƙe da duk sunayen, kuma in ta ga dama za ta kashe .ng? — Wani ɗalibin jami'a, Maiduguri

Amsa: Ɗan'uwa, ICANN ƙungiya ce mai zaman kanta da aka kafa a 1998 a jihar Kalifoniya, kuma ita ke kula da jerin rassan da ke tushen DNS. Gwamnatin Amurka ta daɗe tana sa ido a kan wannan aiki ta hanyar kwangila, amma kwangilar ta ƙare, kuma tun ranar 1 ga Oktoba, 2016 ba ta da wannan matsayi. Sabobin tushe suna da sunaye 13, daga A zuwa M, ƙungiyoyi 12 ke gudanar da su, wasu a Turai da Japan, kuma an baza kwafinsu sama da dubu a faɗin duniya. Kundin .ng kuwa yana hannun NiRA, wadda aka kafa a 2005. Inda hannun Amurka ke kaiwa da gaske shi ne .com da .net da .org, domin masu riƙe da kundinsu suna ƙarƙashin dokarta, kuma kotunanta sun sha ba da umarnin ƙwace sunaye a cikinsu. Wannan na cikin dalilan da suka sa ya dace hukumomin gwamnati su zauna a .gov.ng.

Tambaya: Muna da sunaye kusan ashirin da ƙananan rassa da yawa, wato sunayen da ake ƙarawa a farkon babban suna kafin ɗigo, ma'aikata daban-daban ne suka yi su a lokuta daban-daban. Ta ina za mu fara tsara su? — Jami'ar gudanarwa ta wani ƙaramin banki, Bauchi

Amsa: Hajiya, ku fara da jadawali guda: kowane suna, kamfanin rajistarsa, ranar ƙarewa, imel ɗin asusun, wanda ke da kalmar sirri, inda DNS yake, da abin da ake yi da shi. Ku nemi taimakon sashen kuɗi, don rasiɗai kan tono sunayen da kowa ya manta. Sannan ku tattara su a kamfani ɗaya ko biyu da sunan bankin, ku daidaita biyan su a wata ɗaya na shekara, ku sa shi cikin kasafi.

Kan tsaro, asusun rajista shi ne ƙofar da ɓarawo ya fi so, domin wanda ya shige shi zai iya juya shafi da imel duka zuwa kwamfutarsa ba tare da ya taɓa sabobinku ba. Haka aka yi wa jaridar New York Times a watan Agusta na 2013, ta hanyar satar bayanan shiga na wani dillalin kamfanin rajistarta. Ku kunna tantancewa mai mataki biyu, kuma da manhaja ko mabuɗin ƙarfe ya fi saƙon tes, saboda masu sauya layin waya. Ku tabbatar kowane suna na nuna clientTransferProhibited, wato makullin hana canja wuri. Babban sunan da abokan hulɗa ke shiga da shi kuma ku nema masa makulli a matakin hukumar kundi, wanda ke fitowa da kalmar server a farkonsa. Ana biyansa daban, kuma ba a cire shi sai an tantance mutum da hannu. Duk ranar da ma'aikaci ya bar aiki, a cire shi daga asusun a ranar.

Ƙananan rassan su ma a bi su ɗaya bayan ɗaya. Reshen da aka buɗe don wani gangamin talla shekara uku da suka wuce, aka rufe masaukinsa amma aka bar layin CNAME ɗinsa yana nuni ga kamfanin waje, wani na iya zuwa ya karɓi wancan gurbin ya ɗora shafin bogi a ƙarƙashin sunanku na gaskiya. A goge layin DNS tukuna, sannan a rufe masaukin. Tsofaffin sunayen da aka taɓa yin imel da su kuwa kada ku sake su don tsimin kuɗin shekara: wanda ya ɗauka zai riƙa karɓar duk saƙon da aka aiko wa tsofaffin adireshin, har da na sauya kalmar sirri. Ku ci gaba da biyansu, ku juya su zuwa sabon suna, waɗanda ba a aika saƙo da su kuma ku sa musu SPF mai v=spf1 -all da DMARC mai p=reject.